Busa ko Jini: Wane Gwajin Barasa Ne Ke Tsayawa a Gaban Alƙali?

Duk lokacin da mota ta yi haɗari a hanyar Bauchi zuwa Gombe, ko a titin da ya ratsa Kumo da Billiri da Kaltungo ya nufi Yola, kafin a gama kwashe masu rauni sai ka ji wani cikin 'yan kallo ya ce, "Wallahi direban nan a buge yake." Faɗin haka a bakin titi ba wuya. A kotu kuwa sai an zo da hujja, kuma hujjar da aka fi aiki da ita iri biyu ce: ko a sa direba ya busa cikin na'ura, ko a ɗebi jininsa a kai ɗakin gwaje-gwaje.

Masu tsayawa tsakanin waɗannan biyun suna da yawa. Akwai mai motocin haya da ke son sanin halin direbobinsa. Akwai lauya mai kare wanda ake tuhuma, da ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Akwai dangin mamaci da ke neman hakkinsu. Akwai kuma direban da bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma aka jefe shi da zargin. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya min a rai, domin a wurinmu kalmar mashayi tabo ce da ke bin mutum har gidan surukansa, ko da kotu ta sallame shi.

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta sa iyaka a giram 0.5 na barasa cikin kowace lita ta jini, wato giram 0.05 cikin mililita 100. A lura, da jini dokar ta auna. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ɗora wa mai tuhuma nauyin tabbatar da laifi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. A kan waɗannan biyun duk gardamar take.

Abubuwan da za a duba

Na farko lokaci, kuma shi ne babba. Hanta tana ƙone barasa ba tsayawa, a mafi yawan mutane tsakanin giram 0.015 zuwa 0.020 cikin mililita 100 na jini a kowace awa. Tun daga lokacin da mota ta tsaya hujja take zagwanyewa.

Na biyu daidaito: lambar da ta fito ta yi kusa da gaskiya ko kuwa? Na uku ɗorewa, ta na'urar da ta hujjar kanta, wato ko za a iya sake gwadawa bayan wata shida idan gardama ta taso. Sai kuɗi da sauƙin yi. Sai abin da gwajin ke iya gani ban da giya, batun da ya fi shafarmu a arewa fiye da ƙasashen da suka ƙera na'urorin. Na ƙarshe, ta ina lauyan ɗaya ɓangaren zai rushe hujjar.

Gwajin busa

Barasar da ta shiga jini tana bi ta huhu, ɗan kaɗan daga cikinta ya fito tare da numfashi. Shi na'urar ke kamawa. Robert Borkenstein, wanda ya yi aiki da 'yan sandan jihar Indiyana a Amurka, shi ya fito da irin wadda ta yaɗu a duniya a 1954.

Sai dai na'urorin ba ɗaya ba ne, kuma a nan masu saye ke yin asara. Akwai 'yar ƙarama mai arha, mai aiki da wani ɗan ma'aunin lantarki da ake kira semikondakta, wadda ake samu a intanet da 'yan daloli kaɗan. Wannan tana iya ruɗewa da hayaƙin taba, da tururin fetur ko fenti, da sinadarin asiton da jikin mai ciwon suga ko wanda ya daɗe bai ci abinci ba ke fitarwa. Ban ga dalilin da zai sa a ɗora makomar mutum a kanta ba. Akwai ta tsakiya, ta riƙewa a hannu, mai ɗauke da sinadarin filatinum wanda ke ƙone barasa ya mai da ita ƙarfin lantarki a auna. Irinta jami'an hanya ke riƙewa a ƙasashe da dama, kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, kuma asiton bai cika ruɗa ta ba. Sai babbar, ta ajiyewa a ofis, mai aiki da hasken infirared, wani lokaci a haɗa mata dabarun biyu. Tana karɓar busa biyu, tana gwada kanta kafin da bayan aiki, ta buga takarda mai kwanan wata da lokaci. Kuɗinta dubban daloli ne. A Ingila, cikin na'urorin busa, ita kaɗai ce hujjar kotu. Ta bakin titi dalilin kamawa ce kawai.

Ƙarfin busa sauri ne. Cikin 'yan mintuna an gama, a wurin da abin ya faru, ba allura, ba likita, ba firiji. Bayan an sayi na'ura, abin da kowane gwaji ke ci bai wuce kuɗin ɗan bututun roba da ake sauyawa ba.

Rauninsa kuma daga tushe yake. Na'urar ba ta ga jini ba, lissafi take yi. A Amurka an ɗauka cewa barasar da ke cikin mililita 1 na jini daidai take da wadda ke cikin mililita 2,100 na numfashi. A Ingila 2,300 aka ɗauka. Jikin mutane kuwa ya bambanta, har mutum ɗaya ma lissafinsa na sauyawa tsakanin lokacin da giyar ke shiga jini da lokacin da take fita. Shi ya sa ƙasashe da dama suka rubuta wa numfashi iyakarsa daban a cikin doka: Ingila maikirogiram 35 cikin mililita 100 na numfashi, Faransa da Jamus miligiram 0.25 cikin lita. Inda aka bayyana iyaka da jini, lauya na da ƙofar tambayar da wane lissafi aka juya numfashi ya koma jini.

Akwai kuma zafin jiki. An tsara na'urorin a kan cewa numfashi na fitowa da zafin digiri 34. Idan zafin ya ƙaru da digiri 1, lambar na iya hawa da kusan kashi 6 zuwa 8 cikin 100. A ƙasar da direba ke tuƙi da zazzaɓin cizon sauro a jikinsa, wannan abin lura ne. Zazzaɓi ba zai ƙirƙiro barasa a jikin wanda bai sha ba, amma zai iya tura wanda ke bakin iyaka ya tsallake ta.

Sai barasar da ta maƙale a baki. Wanda ya kurkure baki da magani mai barasa, ko ya kurɓi wani maganin tari ko tsimi mai ɗauke da ita, ko ya yi gyatsa ko amai, idan ya busa nan take lambar za ta yi sama ƙwarai alhali jininsa bai kai haka ba. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a jira minti 15 zuwa 20 ana kallon mutum, bai ci ba, bai sha ba, bai yi gyatsa ba, sannan ya busa, a ɗan dakata ya sake busawa. Jami'in da ya tsallake wannan jiran ya lalata hujjarsa da hannunsa.

Babban abin da ke kayar da busa a kotu shi ne saiti. Na'urar kamar sikelin mahauci take: yau da gobe tana kaucewa, mai ita bai sani ba, sai an ɗora mata awon da aka tabbatar. Masu ƙera ta kan ce a yi mata saiti duk wata 6 zuwa 12, da iskar gas ko ruwan da aka san adadin barasar da ke ciki. Ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu, wanda a Azare kan wuce digiri 40, suna rage mata kwana, balle a bar ta cikin mota a rana. Ko ƙasashen da ke da kuɗi sun ƙone a nan. A 2018 kotun ƙolin jihar Niyu Jasi da ke Amurka ta ce ba za a dogara da sakamakon busa na mutum fiye da 20,000 ba, saboda jami'in da ke saiti bai yi amfani da ma'aunin zafin da aka wajabta ba. A 2023 kotun ƙolin jihar Masacuset, ita ma a Amurka, ta buɗe wa mutum kusan 27,000 ƙofar neman a sake duba shari'arsu, bayan ta tabbata an ɓoye takardun da ke nuna matsalar na'urori.

A Najeriya akwai ƙarin mataki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya ce takardar da kwamfuta ta fitar sai an nuna cewa na'urar na aiki daidai a lokacin, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan sharaɗi a shari'ar Kubor da Dickson. Ma'anar kwamfuta a dokar tana da faɗi, don haka lauya mai lura zai ce takardar na'urar busa ta shiga ciki. Idan kuma na'urar ba ta buga takarda, abin da ya rage kawai bakin jami'i ne: "Na ga lamba kaza." Numfashin ya riga ya bi iska, ba mai sake gwada shi.

Gwajin jini

Wannan ya girmi busa. Erik Widmark, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya wallafa hanyar auna barasa a ɗigon jini tun 1922, kuma ƙasar Nowe ce ta fara sa iyakar 0.05 a doka a 1936. Jini yana auna ainihin abin da doka ta ambata, ba juye-juyen lissafi. Idan an yi shi da na'urar kiromatogirafi, wadda ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, tana bambance barasar sha da asiton da sauran danginsu. Ana iya raba jinin kwalba biyu, a gwada ɗaya, a ajiye ɗaya domin wanda ake tuhuma ya kai wani wuri idan bai yarda ba. Wannan dama ta sake gwaji ita ce, a ganina, babbar falalar jini. A Jamus har yau busa na isa ne ga ƙaramin laifi na tara. Idan magana ta kai ga babban laifi, jini ake nema.

Amma agogo abokin gabar jini ne. A ce haɗari ya auku kusa da Alkaleri da dare, direba na da 0.08 a jikinsa. Kafin a sami motar ɗauka, a isa asibiti, a fara ceton waɗanda ke zubar da jini, wanda shi ne daidai, a sami wanda zai rubuta takardar neman gwaji, awa uku ta wuce. Lambar ta sauko wajen 0.035 ko ƙasa da haka. Mutumin da ya wuce iyaka da nisa ya koma ƙasa da ita. Masana na iya lissafin komawa baya, amma sai sun san yaushe ya sha, me ya ci, ko giyar ta gama shiga jini. Duk wannan fili ne na gardama.

Kuma ba kowane gwajin jini ne hujja ba. Abin da ɗakunan gwajin asibiti suka saba yi domin magani ne, ba domin kotu ba. Sukan raba jini su auna ruwansa, shi kuwa ruwan jini ya fi cikakken jini nuna barasa da kusan kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Sakamakon 0.055 a ruwan jini zai iya zama wajen 0.047 a cikakken jini: ɗaya laifi, ɗaya ba laifi. Ga shi hanyar da ɗakunan gwajin asibiti ke bi tana iya ruɗewa a jikin wanda ya ji mummunan rauni. Na'urar kiromatogirafi kuwa kuɗinta dubun dubatar daloli ne, tana son wuta mai ɗorewa, da iskar gas, da ƙwararre. Don haka kafin a ɗebi jini, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko a asibitin tarayya da ke Azare, a tambaya ƙarara: da wace hanya za a auna, a nan ko aikawa za a yi, cikakken jini ko ruwansa?

Ɗibar ma tana da ƙa'ida. Ba a goge fata da sifirit, sai da abin da ba barasa a ciki. Kwalbar ita ce mai murfi ruwan toka, mai ɗauke da sinadarin fuloraid da ke hana jinin tsami. In aka zuba a kwalbar da ba ita ba, aka bar ta cikin zafi, ƙwayoyin cuta na iya juya sugan jinin ya zama barasa a cikin kwalba, ko kuma wadda ke ciki ta ragu. Dole a sa a firiji, mu kuwa mun san halin wutarmu. A rubuta suna da lokaci, a liƙe, duk wanda kwalbar ta bi ta hannunsa ya sa hannu: ma'aikacin jinya, ɗan sanda, mai kai saƙo, mai gwaji. Gurbi ɗaya ya ɓace, lauya zai tambaya, "Wa ya tabbatar jinin wanda nake karewa ne?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma damar yi wa shaidu tambayoyi.

Allura kuma shiga jikin mutum ce. A 2016, a shari'ar Birchfield, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ana iya sa wanda aka kama ya busa ba tare da izinin alƙali ba, amma ɗibar jini sai da izini. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, sai dai yana nuna cewa yardar mutum ko umarnin kotu abu ne da ya kamata ya kasance a rubuce.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a tashoshinmu. Duk wanda ya zauna da kamasho da yaran mota ya san ba giya ce kaɗai ke gusar da hankalin direba ba. Akwai tiramol da ake haɗiya don a kwana ana tuƙi, akwai wiwi, akwai kodin da gwamnati ta hana sarrafa maganin tarinsa a 2018. Rahoton binciken ƙasa baki ɗaya na 2018 ya nuna kashi 14.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi. Na'urar busa makauniya ce ga duk waɗannan. Direba na layi, idonsa ja, ya busa ta nuna sifili, a miƙa masa makullinsa. Jini na iya nuna su, amma sai an rubuta a takarda cewa a neme su. Wanda aka ce ya auna barasa, barasa kaɗai zai auna.

| Abin dubawa | Busa | Jini |
|---|---|---|
| Lokacin yi | Nan take, a wurin | Sai an kai asibiti |
| Fitowar sakamako | Mintuna | Kwanaki ko makonni |
| Abin da yake aunawa | Numfashi, a juya da lissafi | Jinin kansa |
| Kuɗi | Sayen na'ura da saiti. Kowane gwaji arha | Kowane gwaji da tsada |
| Mai yi | Jami'in da aka horar | Ma'aikacin lafiya da ƙwararren ɗakin gwaji |
| Ɗorewa | Saiti duk wata 6 zuwa 12. Ba a ajiye numfashi | Jini na ajiyuwa in da fuloraid da sanyi |
| Sake gwaji | Babu | Akwai |
| Ƙwayoyi | Ba ya gani | Yana gani in an nema |
| Inda ya fi rushewa | Rashin saiti, rashin jira, rashin takarda | Jinkiri, kwalba, gurbin sa hannu |

Wani abu da ke rikita mutane a Bauchi, inda ake aiki da dokar laifuka ta shari'ar Musulunci tun 2001: laifin tuƙi cikin maye daban, haddin shan giya daban. Na farko ya hau kan kowane direba, ko wane addini yake bi, kuma adadi yake dubawa. Na biyu, a mazhabar Malikiyya, yana tabbata ne da iƙirari, ko shaidu biyu adalai da suka ga shan ko suka ji warin, kuma shubuha na kawar da shi. Kada a ɗauka lambar na'ura ta gama magana a ɓangarorin biyu lokaci guda.

Wa ya dace da wanne

Mai kamfanin sufuri ko ciyaman ɗin tasha da ke son tace direbobi kafin lodi, busa ce tasa, ta tsakiyar nan mai filatinum, wadda ke buga takarda. Kafin ya biya kuɗi ya tambayi mai sayarwa a ina za a riƙa yi mata saiti a cikin Najeriya da nawa; in ba amsa, ya haƙura da ita. Ya kuma haɗa da gwajin fitsari ko yawu na ƙwayoyi lokaci zuwa lokaci. Sakamako ɗaya dalilin hana mutum tuƙi ne a ranar, bai isa dalilin kora ba.

Jami'in da ke sintiri, ko kotun tafi-da-gidanka mai yanke tara, busa ta wadatar, muddin an jira, an busa sau biyu, takardar saiti na hannu.

Inda aka rasa rai ko aka ji mummunan rauni, ba na ganin akwai zaɓi: a yi duka biyun. Busa nan take ta kama lokacin, jini cikin awa ɗaya ko biyu ya tsaya a babbar kotu, a kuma nemi ƙwayoyi a ciki. Dangin wanda aka kaɗe su roƙi wannan tun a daren, a rubuce, domin washegari ba abin da za a samu. Idan direban ne ya rasu, kuma ana ganin maganar diyya ko inshora za ta taso, likita ya ɗebi jinin daga jijiyar cinya kafin a yi masa sutura, tunda gawa na iya samar da barasa da kanta in ta jima cikin zafi.

Direban da ya san bai sha ba amma na'ura ta nuna ya sha, kada ya tsaya musu a bakin titi. Ya nemi a jira minti 20 a sake, ya faɗi duk maganin da ya sha, ya nemi a kai shi a ɗebi jini da gaggawa a raba kwalba biyu, ya kira lauyansa. Haka wanda lambarsa ta tsaya daf da iyaka, ko yake fama da zazzaɓi.

Wanda ya suma, ko ya karye a haƙarƙari, ko asma ta hana shi busa mai tsawo, jini ne kaɗai hanyarsa, bayan likita ya ce ba zai cutar da shi ba, kuma a rubuta ko an yi masa ƙarin ruwa ko jini kafin ɗibar. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi, da wanda ya bugu a kai, dukansu kan yi layi, harshensu ya karye, su yi kama da wanda ya bugu da giya. Idan mutum na cikin wannan hali kuma busa ta nuna sifili ko ɗan kaɗan, asibiti za a nufa da shi kafin caji ofis, a fara auna sugansa a duba kansa.